Yadda za ka gwada bambancin ɓarin hagu da na dama na ƙwaƙwalwa da na'urar EEG lokacin lissafi da ka

In kana so ka gani da idonka ko da gaske ne ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya fi shan aiki lokacin da mutum yake lissafi da ka, ana iya gwadawa, kuma ba sai kana da wani katafaren ɗakin bincike ba, ƙaramar na'urar EEG mai tashoshi takwas, wato wadda take auna wuri takwas a kai lokaci ɗaya, ma ta isa. Amma fa in gaya maka tun yanzu, bambancin da za ka nema ɗan ƙarami ne sosai, kuma abubuwan da za su iya ruɗar ka su nuna maka bambancin ƙarya sun fi na gaskiyar yawa. Dan haka rabin aikin nan duk kan toshe ƙofofin ruɗu ne, sauran rabin kuma shi ne awon kansa.

Da farko sai ka san me kake aunawa. EEG ba ta karanta tunani, wutar lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke fitarwa kawai take ɗauka daga saman fatar kai, kuma wutar nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, yawanci tsakanin maikrobolt 10 zuwa 100, shi ko maikrobolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe mai suna Hans Berger ne ya fara ɗaukar ta a jikin mutum a garin Jena a 1924, ya wallafa a 1929, kuma shi ya fara bayanin igiyar da ake cewa alfa, wadda take kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa ɗaya. Alfa tana ƙarfi ne in mutum ya rufe ido ya saki jiki, ta fi fitowa ta wajen ƙeya, da zarar ya buɗe ido ko ya fara wani aikin tunani mai nauyi sai ta ragu. Edgar Adrian da Bryan Matthews sun tabbatar da hakan a Kambirij a 1934, kuma lissafi da ka yana cikin abubuwan da suka nuna suna danne ta.

To nan ne mutane da yawa suke juya abun baibai. Alfa mai yawa ba ita ke nuna aiki mai yawa ba, akasin haka ne. Kamar ɗalibai ne a aji, in duk suna rera abu ɗaya tare za ka jiyo su daga nesa, in kowa ya duƙufa kan nasa aikin daban sai babbar muryar nan ta ɓace duk da a lokacin ne ake aiki na gaske. Kenan ɓarin da alfarsa ta fi faɗuwa lokacin lissafi, shi ake ɗauka ya fi shiga aikin. Ka riƙe wannan da kyau dan duk lissafin da za mu yi a gaba a kansa ya tsaya.

Maganar na'ura, ka tabbata tana da ilektirod, wato ƴan ƙananan ƙarafan da ake mannawa a fatar kai su ɗauko wutar, da za ka iya sawa a inda kake so. Akwai irin waɗanda ake ɗaurawa a goshi kamar Muse, suna da kyau dan wasu abubuwan amma ilektirod ɗinsu a goshi da bayan kunne suke, ba su kai saman kai ta baya ba, kuma can ne lambobi suka fi zama. Irin su allon Cyton na OpenBCI mai tashoshi takwas ya fi dacewa sabida kai za ka zaɓi wuraren. Ko wacce ce dai ta zama mai aiki da batir, kwamfutar ma ka zare ta daga caji kafin ka haɗa wani abu da kan mutum, wannan maganar tsaro ce ba wasa ba, kuma hakan yana rage hayaniyar wutar gida da take shigowa a kaɗawa 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da kake. In ba ka da na'ura kwata-kwata ma kar ka karaya, akwai bayanan EEG na mutum 36 da masu bincike a wata jami'a a birnin Kiyef na Yukren suka ɗauka lokacin hutu da lokacin lissafin ragewa, suna nan kyauta a rumbun PhysioNet, za ka iya sauke su ka yi duk nazarin da zan faɗa a ƙasa.

Wuraren sa ilektirod kuma ba da ka ake zaɓa ba, akwai tsarin da ake cewa 10-20 wanda Herbert Jasper ya wallafa a 1958, kowa a duniya da shi yake aiki. Harafi yana nuna yankin kai, F gaba, C tsakiya, P saman kai ta baya, O ƙeya, T gefen kunne. Lamba kuma tana nuna ɓari, wadda ba ta rabuwa biyu hagu ce, mai rabuwa biyu dama ce, ƙaramin z kuma layin tsakiya. Da tashoshi takwas ni shawarata ka ɗauki F3 da F4, P3 da P4, O1 da O2, sai Fz, sannan ɗaya ka ajiye kusa da ido dan kama ƙiftawa. Ka samu tef ɗin awo, ka auna daga lotsawar da ke saman karan hanci tsakanin idanu har zuwa ɗan tudun ƙashin nan na ƙeya. A ce ka samu santimita 36, to Cz yana kan 18 daidai, Fz yana kan 10.8 daga gaba, Pz yana kan 25.2. Sai ka sake aunawa daga gaban kunne zuwa gaban kunne ta saman kai dan ka tabbata tsakiyarka tsakiya ce. Kar ka yi gaggawa a nan wallahi, sabida in hular ta karkata ko da santimita ɗaya ce, P3 ya matso kusa da tsakiya P4 ya gangara ƙasa, ka riga ka ƙirƙiri bambancin hagu da dama tun kafin mutumin ya lissafa komai.

Bayan nan sai shirya fata. Ka buɗa gashin da tsinken auduga har ka hango fatar, ka ɗan goge wurin, ka sa jel daidai misali, kar ka cika shi har ya malala ya haɗe da na maƙwabcinsa. Idonka na kan allon kwamfuta inda manhajar take nuna turjiyar kowane ilektirod, wato yanda fata take tare wutar kafin ta kai gare shi, za ka ga lambar tana saukowa a hankali yayin da jel ɗin yake ratsa gashi, daga ɗari da wani abu zuwa arba'in zuwa goma sha, abin da ake so shi ne ta sauka ƙasa da kilo-om 10, in ta kai 5 ma ya fi. Kuma abun da ya fi wannan muhimmanci a aikinmu shi ne tagwayen su zo kusan ɗaya. P3 yana 4 P4 yana 25, ai ba a fara ba tukuna.

Sai maganar madogara, wato ilektirod ɗin da ake auna sauran da shi, dan EEG kullum bambancin wuta take aunawa tsakanin wuri biyu. In ka sa madogararka a bayan kunnen hagu kaɗai ka ga ai tun farko ka ba ɓari ɗaya fifiko. Ko dai ka ɗauki bayan kunnuwa biyun duka ka haɗa matsakaicinsu a manhaja daga baya, ko ka sa ta a layin tsakiya. Masu wannan fanni sun daɗe da lura cewa sauya madogara yana iya sauya sakamakon bambancin ɓari, dan haka duk wadda ka zaɓa ka rubuta ta, in da hali ma ka gwada biyu ka ga ko sakamakon ya tsaya.

Yanzu mutanen da za ka gwada. Ka yi musu bayani su yarda da bakinsu, ka kuma faɗa musu wannan ba gwajin asibiti bane, ba za ka gano wa kowa ciwo da shi ba. Ka tambayi hannun da suke aiki da shi, ba rubutu kaɗai ba, har jifa da riƙe almakashi da buroshin haƙori, akwai ƴar takardar tambayoyi ta Edinbara da Oldfield ya fitar a 1971 da aka saba amfani da ita. Dalili shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na masu hannun dama yankin harshe da magana na ƙwaƙwalwarsu a ɓarin hagu yake, su kuma bahagwai kamar kashi 70 ne, sauran nasu yana dama ko ya rabu biyu. In ka cakuɗa su a ƙaramin rukuni sai su shafe maka ɗan bambancin da kake nema. Ka fara da masu hannun dama, bahagwai ka yi musu nasu rukunin. Su zo sun yi barci isasshe, dan mai gyangyaɗi alfarsa wargajewa take yi da kanta ba tare da wani lissafi ba.

Shi gwajin ga yanda za ka tsara shi. Mutum ya zauna a kujera mai jingina, hannaye biyu a kan cinya ba motsi, ido a rufe. Ido a rufe a duka sassan fa, hutu da lissafi, in ka bar shi ya rufe a hutu ya buɗe a lissafi to buɗe ido ka auna ba lissafi ba. Ka ɗauki minti ɗaya ko biyu yana hutawa, sai ka ba shi lamba ka ce ya dinga ragewa a zuci, misali daga 3141 ya dinga cire 42, ya samu 3099, ya samu 3057, ya samu 3015, haka har minti ɗaya ya cika, sai ka tsayar da shi ka tambayi inda ya tsaya. Tambayar nan dole ce, ita za ta nuna maka ko ya yi lissafin ko hankalinsa ya tafi wani wuri. Ka maimaita sau huɗu ko biyar da sabbin lambobi, kana sauya jerin, wani ya fara da hutu wani ya fara da lissafi, sabida gajiya da sabawa kar su taru a gefe ɗaya.

Amma kar ka tsaya kan lissafi iri ɗaya, nan ne abun yake da daɗi a ganina. Ƙwaƙwalwa ba ta da wani ɗaki guda da aka rubuta lissafi a ƙofarsa. In ka tambayi mutum 7 sau 8, ba lissafawa yake yi ba, tunowa yake da abun da ya haddace da baki tun yana yaro, kuma wannan ya fi jingina da yankunan harshe na ɓarin hagu. In kuma ka ce masa 47 da 36 sun fi kusa da 80 ko da 130, ba ya buƙatar kalma, girman adadin yake ji, wannan kuwa aikin wani kwari ne a jikin ƙwaƙwalwa wajen saman kai ta baya wanda yake ɓari biyu duka. Stanislas Dehaene na Faransa da abokan aikinsa sun nuna wannan rabuwar a 1999, lissafin daidai-wa-daida ya fi kunna gaban ɓarin hagu kuma yana ɗaure da harshen da aka koye shi, kintace kuma yana kunna bayan kai hagu da dama. Tun kafin su ma likitoci sun san rauni a wani lanƙwasa na ɓarin hagu yana iya haɗa wa mutum matsala huɗu lokaci ɗaya, ya kasa lissafi, ya kasa rubutu, ya kasa bambance yatsunsa, ya dinga rikita hagu da dama, ana kiran wannan da sunan Josef Gerstmann likitan da ya bayyana shi. Saboda haka ka sa sashe ɗaya na ninkawar da aka haddace, ɗaya na ragewa a jere, ɗaya na kintace. Ka ƙara kuma wani sashe mai sauƙi da zai dinga ƙirga 1, 2, 3 a zuci kawai, dan ka raba tsakanin maganar zuci da ainihin lissafi, in ba haka ba ba za ka san ko lambobin ne suka tayar da ɓarin hagu ba ko kuma faɗar su da yake yi a ransa.

Lokacin ɗauka kar ka zuba wa allo ido kaɗai, ka dinga kallon mutumin. Za ka ga wani leɓensa yana ɗan motsi, wani ya tamke muƙamuƙi in lambar ta yi masa wuya, wani ya haɗe gira, wani babban yatsansa na dama yana taɓa sauran yatsun a ɓoye yana ƙirge. Kowanne a cikin waɗannan yana shiga awon. Tamke muƙamuƙi za ka ga layin ya yi kaushi ya cika da ƙananan tsini barin ma tashoshin gefen kunne, motsin ido ko a rufe yake yana tada wani babban tudu a tashoshin gaba wanda ya ninka alfa girma. Shi kuma yatsan dama shi ya fi haɗari, sabida hannun dama ɓarin hagu ne yake sarrafa shi, motsa shi kaɗai yana danne wata igiya mai kaɗawa irin ta alfa a tsakiyar kai ta hagu, sai ka yi ta murna ka samo lissafi a hagu alhali yatsa ka samo. Wannan ba ƙaramar magana bace a tarihin fannin. David Galin da Robert Ornstein a 1972 sun ba da rahoton cewa rabon ƙarfin igiya tsakanin dama da hagu yana sauyawa tsakanin aikin kalmomi da aikin siffofi, Butler da Glass a Ingila a 1974 suka ce alfa ta fi danniya a hagu lokacin lissafi da ka ga masu hannun dama, sai ga Alan Gevins da mutanensa a 1979 sun daidaita motsin hannu da abun da ido ke gani da nauyin aikin, suka ga bambancin ɓarin ya ɓace musu. Ni ina ganin duk wanda zai yi wannan gwaji ya kamata ya ɗauki gargaɗin Gevins da muhimmanci fiye da komai.

Akwai kuma tashin hankali. Lissafi a gaban mutane yana tayar wa wasu hankali sosai, shi ya sa ma ake amfani da shi da gangan a wani sanannen gwajin damuwa da aka tsara a garin Tiriya na Jamus, inda ake sa mutum ya dinga cire 13 daga 1022 a gaban alƙalai, da ya yi kuskure a ce ya koma farko. Bambancin alfa tsakanin F3 da F4 kuwa an daɗe ana danganta shi da yanayin zuciya, Richard Davidson ya yi aiki mai yawa a kai. Kenan in ka tsaya kan mutum kana duba agogo, abun da za ka gani a gaban kai yana iya zama fargaba ce. Ka kwantar masa da hankali, ka ce ba jarrabawa bace, ka zaɓi lambar da ta dace da ƙarfinsa, wanda 42 ta yi wa nauyi ka ba shi 7.

To an gama ɗauka, sai nazari. Manhajojin nazari na EEGLAB da MNE duk kyauta suke, na farkon an gina shi ne kan MATLAB na biyun kan Python. Ka tace bayanan ka bar tsakanin kaɗawa 1 zuwa 40, ka yanyanka su gutsi-gutsi na daƙiƙa biyu, ka zubar da duk gutsin da ya haura maikrobolt 100 ko wanda ka ga tsinin tsoka a ciki, kuma ka yi zubarwar nan ba tare da kana duba wane sashe bane, dan zuciya tana son abun da take so. Sauran ka fitar musu da ƙarfin kowace kaɗawa, manhajar za ta zana maka hoto, a na hutu za ka ga wani tsauni ya tashi wajen 10, shi ne alfar mutumin. Na wani yana kan 9 na wani kan 11, ka duba na kowa kar ka ɗauka duk ɗaya ne.

Ma'aunin da aka saba shi ne ka ɗauki logarizim, wanda ake rubutawa ln a kalkuleta, na ƙarfin alfar dama ka cire na hagu. Ga misali da lambobin da na ƙaga dan bayani kawai. A hutu P3 ya ba da 20, P4 ya ba da 22, ma'aunin ya zama kusan 0.10. A lissafi P3 ya sauka 12, P4 ya sauka 16, ma'aunin ya zama kusan 0.29. Ka ga duka biyun sun faɗi, wato ɓari biyun duk suna aiki, amma na hagu ya fi faɗuwa, ma'aunin ya ƙaru da 0.19. Wannan ƙarin shi ne sakamakonka, ba 0.29 ɗin ba. Sabida tun a hutu ma mutane da yawa alfarsu ta ɗan fi yawa a dama, ga kaurin ƙoƙon kai da ba lallai ya zama daidai a gefe biyu ba, in ka cire na hutu daga na lissafi sai waɗannan duk su fita. In kana zargin na'urar da kanta tana son kai, ka musanya wayoyin P3 da P4 a jikin allon ka sake ɗauka, in bambancin ya bi waya bai bi kai ba to matsalar ta na'ura ce.

Ka leƙa Fz ma kafin ka rufe, tsakanin kaɗawa 4 zuwa 8, igiyar da ake cewa tita. Masu bincike a Japan sun bayyana tun farkon shekarun 1970 cewa tana tashi a tsakiyar gaban kai lokacin da mutum ya nutsu cikin lissafi a jere. Ba ta da hagu ba ta da dama, kuma ba kowa take fitowa wa a fili ba, amma in ka gan ta ta tashi alama ce mai kyau cewa mutumin ya shiga aikin da gaske.

Abun da za ka samu a ƙarshe, kusan tabbas, shi ne alfa ta ragu a ɓari biyun, sai ɗan rinjaye zuwa hagu a wasu mutanen da wasu sassan, barin ma na ninkawa da na ragewa, wasu kuma babu komai, wani ma ya juye. Wannan ba gazawa bace, haka abun yake, dan haka kar ka yanke hukunci da mutum uku, ka nemi ashirin ko sama da haka sannan ka kwatanta hutun kowa da lissafinsa shi kansa. Kuma kar ka fassara sakamakon da cewa wane ɗan ɓarin hagu ne wance ƴar ɓarin dama ce, masu bincike a jami'ar Yuta a Amurka sun duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum sama da 1000 a 2013 ba su ga mutane sun rabu gida biyu haka ba, ayyuka ne suke karkata ba mutane ba.

Abu ɗaya da zai taimaka maka wajen gane masu juyewar nan, bayan kowane sashe ka tambayi mutumin ta yaya ya yi lissafin. Wani zai ce faɗa yake yi a zuci, wani zai ce ganin lambobin yake a jere kamar an rubuta su a allo yana aro daga na gaba, wani kuma da ya koyi lissafi da allon ƙirgau irin soroban na Japan zai ce duwatsun yake gani yana tura su, kuma an san irin waɗannan ƙwararrun sun fi dogara da yankunan gani da siffa fiye da na harshe. Ka rubuta amsar kowa kusa da lambarsa, ka raba masu faɗa a zuci da masu gani, sai ka sake fitar da ma'aunin P3 da P4 na kowane rukuni daban.